Ba Hannun Malam Sule Ne Ya Tsufa Ba

Shekara tara da wata huɗu ke nan rabona da Ƙanƙara. Ina bakin aikin gadi a nan Fatakwal ƙanwata ta kira ni, ta ce Allah ya yi wa Malam Sule mai biro rasuwa, har an kai shi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A shagonsa na koyi yin biro na itace. Yakan yanki guntun maɗaci ko kanya, ya huda, ya sa bututun tagulla a ciki, sai ya kwana kafin ya hau injin sassaƙa. Sa bututun nan ne bai yarda a yi wasa da shi ba. Sai an goge shi da samfefa har ƙyallinsa ya mutu, don gam ba ya kama sulɓi. A toshe bakinsa da yankin dankali kada gam ya shiga ciki, a ɗora shi kan wata ƙusa da ya fiƙe da kansa, a tura cikin ramin itacen ana murzawa a hankali. Yakan ce, "Mai saye baya yake gani. Cikin ramin kuwa tsakaninka da Allah ne."

Wata shekara malaman wata makaranta a Faskari suka ba da aikin biro sittin. Malam ya tafi ta'aziyya Mabai, ya bar mani sa bututu. Na ga gugar za ta cinye mani yini, na tsallake ta.

Wata bai cika ba shugabansu ya zo da birukan cikin leda, duk sun kwance, ya zube a gaban jama'a.

"Malam, in ido ya gaza ai sai a faɗa mana."

Ina tsaye. Malam ya zaro bututu ɗaya, ya ga yana ƙyalli. Ya dube ni sau ɗaya, ya ce, "Laifin shagona ne, Alhaji. Za a sake."

Ya sake su duka shi kaɗai. Abin da ya ce mani kawai, "Isuhu, samfefar ba ta ƙare ba fa." Amma magana ta riga ta kai har garin Sabuwa cewa hannun Malam ya tsufa, aiki ya ja baya. Ban fito na wanke shi ba. Da kunya ta ishe ni sai na ce zan tafi neman kuɗi, ya raka ni tasha.

Mutanen Faskari da Sabuwa, ku ji daga bakina: ni ne. Hannunsa lafiya lau yake.

Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa kamar yadda ya rufa mani asiri. Allah ya ba matarsa Hajiya da yara haƙuri. Ni ma ina roƙon su yafe mani.

Na yi ta tara kayan aikin da zan kai masa in durƙusa. Abin da na iya tarawa: bututu arba'in da biyu, samfefa falle takwas, gam kwalba biyu. Ɗaya ta bushe.