Buhunan Gumi da Aka Daina Aikawa

A zamanin da na fara aikin jarida, abin da ya lalace shi ake tura mu mu gani. Ruwa ya ci gari, amai da gudawa sun shiga unguwa, gada ta karye: ka je, ka tambaya, ka dawo ka karanta a rediyo. Haka na yi a Yamai da Faransanci, haka na ga ana yi a Khartum da Larabci, kuma babu editan da ya taɓa tambayata ko akwai wanda ke ƙoƙarin gyara. Yanzu akwai ƙungiyoyin waje da ke ba matasan 'yan jarida horo da tallafi don su nemo inda mutane suka samo wa matsalarsu mafita, su bayyana yadda aka yi, wasu su kwaikwaya. Ban raina wannan ba. Ni kaina na gaji da kai labarin gawa.

Shekarar da kogin Rima ya cika ya kwashe shinkafar fadama ana gab da yanka, aka kira ni irin wannan horo a wani otal da ke Gesse, nan Birnin Kebbi. Na riga na ajiye aiki, fassara kawai aka ɗauke ni in yi. Mai koyarwar mace ce daga wata ƙasa, muna ganin ta a allo. Mutuniyar kirki ce, kuma ta san aikinta. Abin da ta fi nanatawa shi ne kada a tsaya yabo, a faɗi dalla-dalla yadda mafitar ke aiki, kuma a ɓoye sunan duk wanda talauci ya taɓa. Na juya wannan zuwa Hausa yadda ta faɗa.

Cikin waɗanda suka samu tallafin akwai wata budurwa 'yar unguwar Badariya, mai aiki a wani ƙaramin gidan rediyo. Wannan ne karo na farko da za ta fita neman labari ba tare da wanda za ta yi labarinsa ya biya mata mota ba. Ta ce mini dangin mahaifiyarta na Argungu, kuma ta ji ƙishin-ƙishin wani abu da matan da ke sana'ar gumi ke yi a can.

Gumi aikin mata ne: a jiƙa shinkafa da ɓawonta, a turara, a shanya, sannan a kai inji. Mai jari takan aika buhu gidan wata ta yi mata, a biya ta ladan aiki. Ba sabon abu ba ne, kowa ya saba ganin buhu na shiga gidaje. Abin da budurwar ta gano shi ne, bayan ambaliya, wasu tsofaffin masu gumi sun haɗa baki. Duk gidan da suka san rumbunsa ya tashi babu komai, sai su aika wa matar gidan aiki, su cika buhun fiye da ƙima, amma su faɗa mata awon da za ta mayar, wanda bai kai abin da zai fito ba. Ragowar ta zauna a gidan. Matar ta sani. Maigidan, in ma ya sani, ba ya tambaya. Ya ci tuwo, ya fita majalisa da hularsa a kai, a matsayin wanda matarsa ke sana'a.

Na ji rahoton a rediyo ina zaune a ƙofar gidana. Ya yi kyau ƙwarai. Babu suna, babu unguwa, ko muryar tsohuwar da ta yi bayani wata ce ta karanta a madadinta. An bayyana yadda ake cika buhun da yadda ake rage awo, yadda mata a wasu garuruwa za su iya ɗauka. Na kira budurwar na ce, "Ɗiyata, kin yi aiki."

Cikin sharuɗɗan tallafin akwai komawa bayan wani lokaci a ga abin da rahoton ya haifar. Ta roƙe ni in raka ta, ta ce tsohuwar ta daina ɗaukar wayarta, wataƙila in ta ga furfura za ta sauko.

Mun iske tsohuwar a tsakar gida tana juya shinkafa a shanya da ƙafa. Gefe guda ga buhuna jingine da bango, bakinsu a ɗaure. Ta amsa gaisuwata har ƙarshe, ta sa aka kawo mini tabarma da ruwa. Sannan ta dubi yarinyar.

"Ke ba ce min kinka yi na mutanen waje na ba?"

"Inna, su sunka ba da kuɗin. Amma sun ce sai an sa shi da Hausa, inda mutanen suke."

"To, mutanen sun ji."

"Ban faɗi sunan kowa ba, Inna."

"Suna mi za a yi da shi? Buhu ai da rana shika shiga gida."

Ta nuna buhunan da haɓa. Duk dawo da su aka yi. Ta ba mu labarin na ƙarshe, tana ci gaba da juya shanyarta. Wani magidanci ne, manomi, wanda gonarsa duka ta tafi a ruwa. Bayan rahoton, an ga mai kura ya sauke buhu a ƙofarsa. Da ya fito majalisa sai taubashinsa ya ce, "A'a, ga na gidan cikakken buhu. Malam, in an yi ragowa a tuna da mu." Aka yi dariya, shi ma ya yi, don ba a fushi da taubashi. Ya koma gida ya ɗauki buhun da kansa, bai kira mai kura ba, ya bi ta tsakiyar unguwa da shi a kai har ƙofar tsohuwar. Ya yi sallama, ya ajiye, ya ce a gaya wa Inna an gode, matarsa ba ta jin daɗin jikinta.

"Yara na gidan?" na tambaya.

"Akwai. Da goyo."

"Yanzu da mi suke ci?"

"Ya sai da kwale-kwalensa. Bayan shi ban san mi ya rage ba."

Har matan da aikin gaskiya suke karɓa, awo daidai, tun kafin ruwa ya zo, wasu mazansu sun hana. Ba wanda ke son a ga buhu a ƙofarsa.

Yarinyar ta ce za ta koma ta yi wani rahoto, ta bayyana cewa yawancin buhunan aikin kuɗi ne kawai. Tsohuwar ta ce, "Don Allah ɗiyata, ki bar mu haka nan." Ba da faɗa ta faɗa ba. Da za mu tafi ma sai da ta ƙulla mana shinkafa a leda, ta ce a gaida uwar yarinyar.

Muka shiga mota ni da yarinyar har muka wuce gonakin albasa. Ta ce, "Baba, mi zan rubuta musu?" Na ce ta rubuta abin da ta gani, ai su ma sun ce a faɗi inda mafita ta gaza. Ta ce ba mafitar ce ta gaza ba.

Na zauna cikin Zabarmawa, na zauna cikin Larabawan Sudan, na ga yadda kowa ke rufa wa nasa asiri. Wasu kan ajiye hatsi a ƙofa su wuce, wasu kan ce rance ne alhali ba za su karɓa ba. Ban taɓa ganin dabarar da ta kai ta matan nan ba, domin ta bar wa mutum aikin yi da abin faɗa. Amma duk ƙarfinta yana ga rashin sanin mutane, kuma horon da muka yi bai tanadi wuri ga irin wannan ba. Yarinyar ta aika wa masu tallafin bayanin yadda abin ya faru. Mai koyarwar ta amsa da alhini, ta ce za ta riƙa ba da misalin a wasu ƙasashe.

Yarinyar na nan tana aiki, ta ƙara samun wani tallafin, kuma takan tambayi mutane sau da yawa kafin ta kunna rikoda. Ruwa ya sake cin fadamar bayan haka. A wannan unguwar ta Argungu har yau ana gumi, amma awon da aka aika shi ake mayarwa, kuma gidan da ya rasa ba a ƙara aika masa buhu ba.