Shanun Huɗar Kawu da Gyaran Kwanan Wata

Yau wayata ta rikice, ta mayar da kwanan wata baya. Sai na tuna Kawu.

Gab da shekara ta dubu biyu, rediyo ya ishe mu da cewa tsofaffin kwamfutoci za su kasa gane sabuwar shekara. Kawu ya sayar da shanunsa na huɗa a kasuwar Gwaram, ya sayi hannun jari a wani kamfani mai gyara wa bankuna manhajarsu. Farashi na ta hawa, shi yana ta ramewa.

Na same shi a rumfarsa a Birnin Kudu, rediyo manne da kunne, shayinsa mai citta ya huce, yana murza carbi har yana ƙara.

"Ɗana," ya ce, "ranar da suka gama gyaran nan, wa zai sake nemansu?"



Shekara ta shigo lafiya, aikin ya ƙare, jarin ya faɗi. Da damina na hango shi duƙe da garmar hannu.

Allah Ya jiƙansa, Ya ba shi hutun da babu fargaba.