Tsiron Kafilina Ya Ƙi Hawa Igiya

Kwana biyar ke nan ina zuwa lambu da safe in tarar tsiron nan ya warware daga igiya ya kwanta a ƙasa.

Sunansa hops. Kafilina, ubangidan da nake zaune ƙarƙashinsa a nan Jidda, shi ne ya taho da saiwarsa daga Jamus. A can da furensa ake sa wa giya ɗaci, shi kuwa wai shayin barci zai riƙa yi da shi. Mai ban ruwa irina, wanda iƙamarsa, wato takardar izinin zama, za ta ƙare wata mai zuwa, ba ya ba da fatawa. Ya dai gaya mini in tsiron ya mutu, halas, shi ke nan, masu neman aikin suna da yawa.

Ni ɗan Lafiyan Barebari ne, cikin doya na tashi. Yadda muke naɗa yaɗon doya a sanda, haka nake naɗa shi.

Jiya kafilin ya fito ya tsaya a kaina.

"Ya Idris, me kake yi?"

"Hanya nake nuna masa, ammi." Haka muke kiran ubangida a nan.

"Shi ta ɗaya gefen yake hawa. Kai ne kake wahalar da shi. Sake shi."

Na sake shi. Yau na tarar ya zagaye igiyar sau biyu da kansa.

Ba zan zalunci mutumin ba, ya fi ni gaskiya, kuma bai yi mini ihu ba. Maganar iƙama ce dai har yanzu shiru, ga zafin Jidda bai ma fara ba.

Shekara goma sha ɗaya ana naɗa ni ta inda aka ga dama, ban taɓa warwarewa ba. 'Yan uwana na unguwar Bani Malik, cikinku akwai wanda aka taɓa tambaya ta wane gefen yake hawa?