Ƙuli-ƙulin Inna ya ƙetare iyaka

Gara in faɗa tun yanzu: ni na cinye ɗanɗanin.

Inna ta daɗe tana soya ƙuli-ƙuli a gidanmu da ke garin Isa, ita da mata uku masu taya ta, amma kayanta ba su taɓa wuce Sabon Birni ba. Sai wata Hajiya 'yar Maraɗi, mai zuwa sari Sabon Birni ranar kasuwa, ta aiko a kai mata ɗanɗani. In ya yi mata, za ta riƙa ƙetarawa da shi Nijar. Baba ya ce wahalar iyaka ta fi ƙarfinmu. Inna ta ce, "Malam, bari dai Hajiya ta ɗanɗana tukuna."

Aka ƙulle guda ashirin a leda aka ba ni. A tasha motar Sabon Birni ta ƙi cika, na yi zaman da na ji kamar gemu zai fito mini. Na ci ɗaya don in tabbatar bai lalace ba. Sauran kuwa, wallahi su suka yi ta bin ɗan'uwansu.

Na ruga gida ta baya, na cika ledar daga tukunyar ɗakin Inna. Wannan namu ne na ci, mai citta da barkonon da zai sa jaki atishawa. Ba ta taɓa sayar da shi ba, wai ya yi zafi.

Da na isa Sabon Birni, Hajiya ta gutsura, hawaye suka zubo mata. Na fara neman hanyar gudu. Sai ta ce, "Buhu biyu, irin wannan sak!"

Kwana biyu ina kallon Inna tana gyaran gyaɗa, za ta soya na kasuwa, mai gishiri kawai. In na yi shiru, Hajiya ta dawo da kaya, cinikin ya mutu. Na tsaya kusa da ƙofa.

"Inna, za ni faɗi wata magana, amma ki aje muciya."

"Mi ka ci?"

Ban ma fara ba fa!

Da na gama, ta aje muciyar. Sannan ta turo mini turmi da ƙafa. "Tunda kai ka zaɓa muna, ɗan nema, kai ka dakan barkono."

Na yi atishawar da aka ji har ƙauyen Tozai.

Hajiya ta karɓi buhu biyun. Yanzu duk mako biyu take aikowa, mata uku sun zama biyar, Baba ne ke raka kaya tasha. Ni kuwa ba a sake ba ni ɗanɗani ba.