Inda Ruwan Alwala Ya Tafi

Har yau ina tuna ranar da Shehu Abdullahi, limamin wani masallaci a unguwar Alhilla Kuku, ya sa muka mayar da kayan haƙa cikin mota ba mu taɓa ƙasa ba. Lokacin ni mataimaki ne a wurin Usta Haruna, babban mai aikin famfo. Shi ke aunawa ya ba da umarni, ni in yanka bututu in haɗa. Ku da kuka shigo sana'ar nan kwanan nan, ku saurara.

Matsalar masallacin ruwan alwala ce. Ba shi da mafita sai lungu, ya kwanta ya yi kore, sauro ya samu gida. Katangar Hajja Saudatu, wata tsohuwa da gidanta ke jingine da masallacin, ta jiƙe har ta fara tsagewa, kuma bayanta ne ɗakin da jikokinta ke kwana. Ga damina ta kusa. Kwamitin masallaci ya kira mu mu haƙa saifon. Ga wanda bai sani ba, rijiya ce mai zurfi da ake haƙawa har a tarar da ruwan ƙasa, sai a juya mata duk ƙazantar gida.

Muna sauke kaya Shehu ya fito. Ya gaishe mu, ya ce, "Ya Usta, in kun zuba ruwan a ramin nan, ina zai je?"

"Ƙasa, ya Shehu."

"Har da na bayan gida?"

"Duka za a haɗa."

"Rijiyar da unguwa ke sha fa, ba daga ƙasan take ja ba?"

Usta ya cire hularsa ya share gumi. Sannan ya ce, "Gaskiya ruwa ba ya sanin iyaka. Kowa haka yake yi, amma tunda ka tambaye ni, ba zan ce maka babu cutarwa ba."

Bayan La'asar aka zauna da kwamiti. Usta ya kawo shawara: a raba bututu biyu. Na bayan gida ya tafi tanki mai siminti da mota za ta riƙa kwashewa. Na alwala ya bi ta ramin tsakuwa da yashi ya tace, sannan ya fita bakin hanya a shuka itatuwa. Alhaji Bukar, shugaban kwamitin, ya ƙi. Ya ce, "Ruwan da aka wanke ƙafa da shi, aka kurkure baki, shi za mu ba itacen da yara za su ci 'ya'yansa?"

Shehu ya ce, "Alhaji, ruwan alwala ba najasa ba ne. An hana mu ɓarnar ruwa ko muna bakin kogi, to yaya za mu yi ibada da shi sannan mu mai da shi cuta ga maƙwabta? Ƙasar nan amana ce, ba mu muka halicce ta ba."

Hajja Saudatu na zaune a bakin ƙofarta tana ji. Ta ɗaga murya ta ce, "Ku yi duk wanda za ku yi, 'ya'yana, amma ku yi kafin katangar nan ta faɗa wa yara." Wannan ya kashe gardamar.

Muka yi aikin. Dashen muka samo a wurin wani Kirista ɗan yankin Duwatsun Nuba mai lambun itatuwa. Da ya ji na masallaci ne, ya ƙara mana lemun tsami a kan darbejiyar da muka zaɓa, ya ce su ma an koya musu cewa Allah ya sa mutum a lambu ne don ya kula da shi.

Dashen farko awaki suka cinye tas. Kowa ya ga yadda Alhaji Bukar yake kallonmu. Ranar Juma'a Shehu ya yi huɗuba a kan ladan wanda ya shuka abin da mutum ko tsuntsu zai amfana da shi. Da aka sake dashe, kowane gida ya ɗauki itace ɗaya ya kewaye shi da bulo. Lungu ya bushe, katangar ta tsaya.

Daga baya, da yaƙi ya ɓarke ya kore mu daga gari, na ɗauka ba zan sake ganin shukarmu ba, don itatuwa da yawa a gari sun zama makamashi. Da na dawo na tarar wasu sun tafi, wasu na tsaye. Famfon masallaci babu ko ɗigo, amma waɗanda suka rage a unguwa suna zuwa da butocinsu, kowa ya tsuguna a gindin itace ya yi alwalarsa a can. Babu wanda ya umarce su.

Abin da na koya shi ne, aikinmu binne shi ake yi. Da zarar an rufe rami, babu mai duba abin da kuka haɗa sai Allah. Don haka in aka tambaye ku, ku faɗi gaskiya ko da za ta sauya aikin. Mutane kuma, in sun gane abu nasu ne kuma amana ce, za su riƙe shi ko kun daɗe da tafiya.