Injin da Ba Ya Tashi Sai da Rigata

Ni da hannuna na ɗaura wa sana'armu igiya a wuya, kuma shekara da shekaru ina ganin wayo nake yi. Bokona bai wuce aji uku ba, shi ma rabinsa a kan bishiyar mangwaro na yi shi.

Injin niƙa gare mu a Bungudu, ni da ƙanena. Tsoho ne mai shan gas, ga taurin kai. Kullum da safe iska kan shiga bututun mai, ya ƙi tashi. Maganin kuwa noti ɗaya ne a ƙasan famfon mai: ka sassauta, kumfa ta fita, ka ɗaure. Ban taɓa nuna wa kowa ba. Sai in lulluɓe wurin da babbar riga ina motsa baki kamar mai tofi, har mata masu kawo niƙa suka fara cewa injin yana da iskoki. Daɗi nake ji, tunda ba a fara aiki sai na iso.

Surukina, mijin 'yata, ma'aikaci ne a Gusau. Aka tura su wata bita, ya dawo ya ishe ni, wai sana'a mai ƙwari ita ce wadda in ƙafa ɗaya ta karye, sai ta ɗingisa ta ci gaba.

"Baba, ran da ba ka nan fa?"

"Ina za ni? Ko Makka ba a kira ni ba tukuna."

Sai ga ni na tafi ta'aziyya Tsafe, ɗan acaɓa ya watsar da mu a kwalbati, ƙafata ta karye. Mai ɗori ya ce ba motsi sai bayan sati uku.

Babbar mai kawo mana aiki wata Hajiya ce mai tuwo a tashar mota ta Gusau, buhu-buhu take aikowa. Ƙanena ya juya hannun inji har kafaɗarsa ta kumbura. Ya kira makanike, ya kwance rabin injin a banza. Har rigata ya ɗauko ya lulluɓa ya yi tofi! Daga ƙarshe ya aiko wani direba har Tsafe ya tambaye ni sirrin. Ni kuwa, ƙafa ɗaure da karare, na ce a gaya masa ya jira ni.

Hajiya ba ta jira ba. Kwana huɗu ta mai da niƙanta wani inji a garin Furfuri.

Da na dawo, na taru da ƙanena da surukin nan, na sassauta notin a gabansu, ba riga ba tofi. Ƙanena ya daɗe yana kallon kafaɗarsa.

Na dogara sanda har Gusau don ba Hajiya haƙuri. Tana tuƙa tuwo, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malam, dā ina son in tambaye ka. Ran da ta Allah ta kasance, likkafani ɗaya za a yanka muku kai da injin, ko biyu?"