Rinar Mangwaron Gidanmu

Har yau in na ji warin maganin sauro na feshi sai raina ya ɓaci. Yana mayar da ni gidanmu na Bagadaza, a shekarun da kuɗin mai suka shigo gari, kowa ya wayi gari ɗan kwangila.

Rina sun yi gida a mangwaron tsakar gidanmu, ƙato kamar ƙwarya. A gindinsa kakana yake wuni kan buzu, ga makanta ga ciwon ƙafa. Ni ce 'yar jagorarsa, shekarata takwas. Kakata ta ce a bari sai asuba, sanyi ya kashe musu jiki, a tura musu hayaƙin ƙaiƙayi su tashi, yadda aka saba.

Sai ga Bappa, ƙanen babana, da rana tsaka, da sabuwar mota da famfon feshi. "Inna, wannan ai aikin mutanen da ne," in ji shi. Ko a ɗaga tsoho daga wurin bai ce ba. Ya taka turmi ya fesa.

Suka zubo. Bappa ya yar da famfo, ya ruga ƙofar gida, ya faɗa mota ya ɗage gilashi. Na ja hannun kakana, na kasa ɗaga shi. Suka harbe ni a ido da wuya, ban san sanda na sake shi ba. Ina ji yana kiran sunana, yana lalube. Kakata ce ta fito da bargo ta lulluɓe shi, amma fuska ta riga ta kumbura, numfashi ya gagara. Bai kai la'asar ba.

Kun san abin da aka ce a zaman makoki? Ƙaddara ce, kuma yarinya ta gudu ta bar tsoho. Bappa ne ya sauke buhunan shinkafar sadaka, wa zai buɗe baki? Babana ma ƙasa ya duba. Da wannan tabon na girma, kuma har gobe yana ci mini rai.

Yanzu gidan ya koma shaguna, keke na kaiwa da kawowa a ƙofa. Bara Bappa ya kwanta ciwo, ya tara mu don neman gafara. Ya lissafo faɗa, ya lissafo zumuncin da ya yanke. Na jira ya ambaci ranar nan, bai ambata ba. Kowa ya ce ya yafe duniya da lahira. Da ya juyo gare ni, na ce, "Allah ya ba ka lafiya, Bappa," na ɗauki mayafina.